Shanya a Rufin Mota

Injin numfashin ya fara kuka da hantsi, wani siririn kuka mai yankewa kamar na ɗan tsakon da aka taka. Wata mata mai suna Ran Shufen tana tsugune gaban risho tana juya kunun shinkafa. Ta ajiye ludayin a hankali ta waiwaya. Mijinta Kuang Degui yana kishingiɗe a gadon bayan motar, robar iskar tana maƙale a hancinsa, idonsa kuma yana kan ɗan allon nan na jikin bango mai nuna ƙarfin batir. Allon ya koma ja.

"Tsoho, mene ne kuma?"

"Ba komai. Juya kununki kada ya kama."

Ta san wannan muryar. Da ita ya gaya mata ba komai ranar da likita ya ɗaga hoton huhunsa a gaban fitila.

Degui ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota a kan wannan hanya, daga garinsu a lardin Sichuan na ƙasar Sin zuwa tuddan Qinghai, ƙurar siminti da hayaƙi suka cinye masa huhu. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar bas, ya fitar da kujerun, ya sa gado da wurin girki, ya ce ba zai mutu ba sai ya sake ganin tafkin da yake tsayawa a bakinsa yana wanke fuska a da. Likita ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: a can sama iska ba ta da kauri, injin nan ba zai rabu da hancinsa ba, dare da rana. Injin yana shan wuta daga batir, batir kuma yana sha daga faifan sola biyu da ke kan rufin. Degui ya ƙi haɗa batirin da injin motar, wai kada wata rana ya zuƙe na tayar da mota su kwana a daji. Rana kyauta ce, in ji shi, kuma a kan tudu ba ta fashi.

Ranar kuwa ba ta yi fashi ba. Ga ta nan ta leƙo ta taga, ta ƙwalle fes, har tana kashe ido a kan ruwan tafkin. Amma tun da suka iso, kullum batirin yana kwana ƙasa da yadda ya kwana jiya. Komawa kuma babu hali. Ƙanƙarar duwatsu ta narke, rafin da suka tsallako da sauƙi ya cika ya haɗiye hanyar ƙasar, wayar hannu ba ta kama ko sanda ɗaya ta sabis. Matashin roba mai cike da iskar numfashi da suka zo da shi na ko-ta-kwana ya riga ya yi laushi kamar tsohuwar jaka.

Degui ya sa ta jawo masa akwatin kayan aiki. Ya buɗe murfin da ke ƙarƙashin gado, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana matsa wannan, yana girgiza wancan. Duk sunkuyon da ya yi sai ya ɗago yana haki.

"Wannan ɗan banzan Qiu," ya ce. "Ya sayar mini da gilashin taga ya ce sola ce. In na sauka sai na rataya masa su a wuya."

"Ka sauka tukuna."

"Ke dai ba ki taɓa goyon bayana ba."

"Na goyi bayanka har nan saman duniya, inda ko kaza ba ta zama. Sha kununka."

Bai sha ba. Ya miƙa hannu ya kashe firij, ya kashe fitilar ƙofa, ya zare cajar rediyo. Sannan ya daɗe yana kallon injin, ya danna maɓallinsa shi ma. Gurnanin da ta saba ji tun suna gida ya ɗauke, motar ta yi tsit, ba abin da ya rage sai iskar waje da ƙarar numfashinsa kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen icce.

"Kunna shi," ta ce.

"In na sha yanzu, me zan sha in rana ta faɗi? Bari ya ɗan tara."

Shufen ta fita don kada ya ga fuskarta. Ta zauna a kan dutse a gefen motar, ta dubi rafin, ta dubi hanyar da babu kowa a kanta. Can nesa shanun nan masu dogon gashi suna kiwo, ba makiyayi tare da su. Ta yi tunanin ta bi sawunsu ko za ta sami tanti, sai ta tuna tafiya kaɗan take yi a nan kanta ya fara juyawa. In ta faɗi a hanya, wa zai kunna masa injin? Ta tuna 'yarsu da ke birnin Chengdu, wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ke ce mai hankalin, ki hana shi." Ba ta hana shi ba. Ta dai cika buhu da dogon wake ɗanye da jan barkono daga lambunsu, don kakar shanya ce, kuma tun tana yarinya ba ta taɓa barin kakar shanya ta wuce ta ba.

Waken ya sha zolaya. "Mutane suna tafiya da kyamara, matata tana tafiya da gona," in ji Degui. Ranar da suka iso ta baza shi a kan tabarma a ƙasa, kafin ta juya shanun sun cinye kusan rabi. Sai ta yi abin da take yi a gida: ta zura barkonon a zare, ta ɗaure waken dami-dami, ta cilla igiya ta saman motar daga wannan gefe zuwa wancan, ta jawo shanyar sama da sandar gora. Rufin ne inda rana ta fi zama, kuma can Tsoho ba zai gani ba balle ya yi mata surutu.

Ta ɗaga kai. Daga nan ƙasa ba ta hango komai sai jelar igiyar da 'yan barkono suna lilo a bakin ƙarfen rufin.

A nan shagon Qiu ya faɗo mata a rai. Ranar da suka je zaɓen faifan, ita tana gefe riƙe da jakar maganinsa, maza suna ta gardama. Degui yana son mai laushin nan da ake mannawa, Qiu ya ce wannan zafi yana gasa shi, ya ɗauki na gilashi mai ƙarfe a gefe. Suka koma kan yadda za a haɗa su, Degui ya kafe a jera su ɗaya a bayan ɗaya, wuta ta bi ta na farko ta shiga na biyu, don siririyar wayar da yake da ita ta isa. Qiu ya ce to, amma ku zo ku ga wani abu. Ya fito da su bakin titi inda ya jingina wani ƙaramin faifai da 'yar fanka tana juyawa a jikinsa. Ya ɗora tafin hannunsa a kusurwa ɗaya, kusurwa ɗaya tak, sai fankar ta yi sanyi, ta yi sanyi, ta tsaya. Ya ɗauke hannun, ta tashi. Shufen ta yi dariya a lokacin, ta ɗauka wasan 'yan kasuwa ne. Degui kuwa yana can yana ƙwanƙwasa gilashi da farce, ya ce ai a inda za su babu bishiya ko ɗaya.

Yanzu ta gane. Ta miƙe ta kama igiyar ta ja. Ba ta zo ba. Ta ƙara ja, sai ta ji wani abu ya yi ƙara a sama, kamar waya tana gogar ƙarfe. Ta saki da sauri. Iska ta nannaɗe igiyar a wani wuri, in ta fizga za ta iya tsinke abin da ba ta san yadda ake gyarawa ba.

Ta leƙa cikin motar ta ɗauki almakashin girki. Degui ya buɗe ido. Leɓunansa sun fara yin shuɗi-shuɗi.

"Ina za ki da almakashi?"

"Sama."

"Wane sama? Ke da ko kujera kika hau sai an riƙe ki?"

"Wakena yana kan gilashinka, Tsoho. Da barkonon. Tun ranar da muka zo."

Ya dube ta. Ta jira faɗa, ta ma so ya yi faɗan, don mai faɗa yana da sauran numfashi. Bai yi ba. Ya ce kawai, a hankali, "Kada ki taka gilashin. Kada ki yanke baƙar waya."

Tsanin yana jikin ƙofar baya, siriri, ƙarfensa sanyi kamar ƙanƙara. Ta sa almakashin a aljihun rigar sanyinta ta kama. Gwiwarta ta hagu, wadda ta daɗe da daina yi mata biyayya, ta yi ƙara a matakin farko. Tana kaiwa tsakiya numfashinta ya ƙare, wasu baƙaƙen ɗigo suka cika mata ido. Ta manna goshi a jikin ƙarfen ta jira su watse. Ta ce a ranta, haka yake ji ke nan, tun safe haka yake ji. Ta ci gaba.

A sama iska ta tarye ta kamar da gayya. Ta kwanta rub da ciki a ɗan filin da ke tsakanin faifan da bakin rufi, ba ta yarda ta dubi ƙasa ba. Ga shanyarta nan. Iska ta tattaro damin waken ta jibge su a kan faifan baya, zaren barkonon kuma ya ratsa na gaba daga kusurwa zuwa kusurwa. Sun bushe da kyau, irin bushewar da take so, waken ya yi ruwan ƙasa yana ƙamshi. Igiyar ta zagaye ƙafar faifan ta haɗa da baƙar waya ta shaƙe.

Ta fara yanka. Yatsunta sun ƙage, almakashin yana zamewa. Ta raba igiya da waya da farce, ta yanka, ta ture. Iska tana karɓar kowane dami daga hannunta tana wurgawa, barkonon ya watse a sama ja wur ya zuba a ciyawa da bakin ruwa. Wata guguwa ta girgiza motar, ƙafarta ta zame ta leƙa waje, ta rungume ƙarfen rufin ta runtse ido har ta wuce. Sannan ta kwance ɗankwalinta ta goge gilashin, inda barkonon ya bar tabo ta tofa yawu ta murje.

"Tsoho!" ta kira ta ƙaramar tagar rufin. "Allon ya motsa?"

Ta kara kunne a bakin tagar.

"Degui! Kuang Degui!"

Iska ce kawai. Ta ɗago a kan gwiwoyi, ta sunkuya ta saman faifan tana neman hango gadon ta tagar, ba ta ganin komai sai gefen bargo. Ta buga rufin da almakashi. Ta ji sunan 'yarta yana neman fitowa ba ta san dalili ba.

Sai ta ji ƙwas, ƙwas, daga ƙarƙashinta. Sandarsa ce yake dukan silin da ita. Muryar ta biyo baya, guntu-guntu.

"Ya ɗaga... ya koma. Me kika... bari a kai?"

Ta duba. Babu wake, babu zare, gilashin yana sheƙi. Abu ɗaya ne kwance a kansa, baƙi, mai faɗin kafaɗa da gashi a tsaye. Inuwarta ce. Ta ja da baya da rarrafe, ta lafe a bakin tsanin, ta ga inuwar ta janye ta sauka daga kan faifan.

Saukowar ta fi hawan wuya, ba ta ma san yadda ta yi ba. Ta tarar da shi ya zame daga matashi, sandar tana kan ƙirjinsa, idonsa a kan allon. Har yanzu ja ne, amma 'yar kibiyar da ke gefe, wadda take kallon ƙasa tun da suka zo, ta juya tana kallon sama. Ba ta tambaye shi ba, ta danna maɓallin injin. Ya yi kukan tsakon nan sau ɗaya, ya yi jim, sannan gurnanin ya dawo. Ta gyara masa robar a hanci ta riƙe hannunsa, tana kallon leɓunansa. Sun daɗe kafin su fara sakin shuɗin.

"Waken fa?" ya ce daga baya.

"Shanu za su gode maka."

"To me za mu ci da sanyin bana?"

"Ka kai sanyin tukuna, sai in nema maka."

Ya yi wani abu mai kama da dariya, tari ya tare shi. Ta ɗumama kunun ta ba shi a baki, ya sha kaɗan ya yi barci, injin yana gurnani, kibiyar tana nan tana kallon sama.

Shufen ta fita. Ta je bakin rafin ta kafa sandar gorar a daidai inda ruwan ya tsaya, don ta gane in ya fara ja. Ta dawo tana tsintar barkonon da ya maƙale a ciyawa tana zubawa a aljihu. Can yamma, a bayan duwatsun, wani farin gajimare ya ɗago kai, ƙarami, bai fi tafin hannun mutum ba. Ta daina tsintar. Ta koma kan dutsenta ta zauna, ta sa masa ido tana auna inda iska za ta kai shi, ko zai tare rana.