Kabad ɗin Manaja

Kwamfuta goma sha biyu ce a kamfanin, kuma daga ɗakinta a gida Injiniya take kula da su. Ta hanyar waifai take shiga kowacce, ta gyara abin da ya lalace ta fita, ba sai ta tako ƙafa ba. Sai ga shi wata uku ke nan, da rana tsaka su ɓace mata ɓat. Ta sauya lambar sirri, ta sake saiti, ta sa an kashe an kunna, duk a banza. Abin haushi, ranar da duk ta ce za ta zo, komai lafiya lau.

Manaja kuwa ya samu abin yi. A gaban ma'aikata ya ce, "'Yar nan, aikin nan ya fi ƙarfinki. Ranar Litinin zan sa mai kamfani ya kawo namiji." Aka kwashe da dariya. Ta haɗiye, amma abin ya ci mata rai, ta rantse sai ta rama.

Ranar Alhamis ta faɗo musu ba sanarwa. Manaja ba ya nan. Ta duba bango inda ta kafa rauta, ɗan akwatin da ke raba waifai, wayam. Ta bi wayar rautar da ido har cikin wani kabad na ƙarfe, an datse da kwaɗo.

"Ai haka yake yi, 'yata," in ji mai shara. "Wai kar a sace. In zai tafi shagonsa na taya ya kulle, in ya dawo ya buɗe. Su kuwa waɗannan hutu suka samu, wa zai tona?"

Ashe ƙarfe ne ke toshe sigina! Injiniya ta juya ta fita. Ta koma gida ta buga takarda, kowace rana da lokacin da kwamfutocin suka ɓace da lokacin da suka dawo.

Ranar Litinin, a gaban mai kamfani, Manaja ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, kullum ina kan kujerar nan, da idona nake ganin sakacinta."

"Manaja, ɗan rufe mana kabad ɗin nan," ta ce, ta juya allon kwamfutarta wajen mai kamfani.

Ya rufe yana tsaki. Ɗaya bayan ɗaya kwamfutocin suka ɓace daga allon. Ya buɗe, suka dawo. Sai ta ajiye takardar a kan tebur.

"Makullin guda ne, ranka ya daɗe, kuma a aljihunsa yake kwana. Awa uku kullum, wata uku."

Mai kamfani ya karanta har ƙasa, bai ɗago ba ya miƙa hannu. Manaja ya zube makullin, gumi na bin wuyansa. Daɗi ya kama Injiniya, ba ta ko ɓoye ba. Ta ciro rautar, ta kakkaɓe ta, ta mayar da ita bango.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "in za a kawo namijin, a taimaka a kawo mai zama a ofis."