Layin da Mama Ta Ja a Bango

Ni kafinta ne, kuma na tsani a koya mini aikina. Wannan baƙin halin nawa ne ya ci kafaɗar Mama.

Bara na kafa mata kanta a kicin. Ina cikin awo ta zare fensirin da ke kunnena, ta ja layi a bango. "A nan za ka sa ta, auta."

Na ce, "Haba Mama, a nan ai sai ka ce ta wasan yara!" Na ɗaga ta sama, daidai idona. Ni dogo ne, ita kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba.

Bayan wata takwas yayata ta kira ni, ta ce Mama ba ta iya ɗaura ɗankwali, ba ta iya kwanciya ta gefen dama. Na kai ta asibiti ina ta faɗa a hanya, wai don me ba ta gaya wa kowa ba. Ji ni fa, har da faɗa.

Likita ta ɗaga mata hannu a hankali. Yana kaiwa saitin kafaɗa Mama ta ciji leɓe. Likitar ta ce jijiyoyin da ke riƙe da kan ƙashin hannu ne suka kumbura saboda yawan miƙa shi sama.

"Ba su yage ba tukuna. Ki hutar da hannun, ki riƙa ɗora ƙanƙara, ki sha magani, ki yi motsin da zan nuna miki. In kika ci gaba, sai tiyata, kuma ba lallai hannun ya dawo daidai ba. Mama, me kike ɗaukowa daga sama kullum?"

"Ba komai," in ji Mama. Ko kallona ba ta yi ba.

Wallahi nan take na gane. Babbar tukunya, galan ɗin mai, kwanuka, duk a kantata suke. Sau nawa a rana? Cike da kunya na dawo da ita gida.

Na wuce kicin da sukudireba don in cire kantar. Ta biyo ni, hannun a manne da ƙirji.

"Bar ta mana. Duk wanda ya shigo sai ya yaba, in ce aikin ɗana ne."

"Mama, ki yafe mini. Ni na ja miki."

"Kai dai ka cika surutu."

Na sauke kayan ɗaya bayan ɗaya. Sai ga layin fensirin nan a ƙasan kantar, raɗau, kamar jiya aka ja shi. Mama da ke goge bangon nan duk mako, ashe kewaye shi take yi da tsumma.

Na juyo na dube ta.

Ta ce, "Na bar maka ne, kar ka sha wahalar sake awo."