Kwalaben Sadiya Goma Sha Biyu

Ni na kafa dokar da bakina, shi ya sa har yau idan na tuna kunya ke kama ni. Wata shida na yi ina koya wa 'yan mata goma haɗa turaren wuta, a wani ɗaki da wata ƙungiya ta kama mana haya a Hausari. Dukkansu daga talla aka ɗauko su. Da Madam Kaneng, wadda ƙungiyar ta ɗora a kanmu, ta tambaye ni yadda za a gane wadda ta iya, sai na ce ai abu ne mai sauƙi. A ba kowace yarinya itace da sukari da turaruka, ta je gida ta haɗa kwalba goma sha biyu ita kaɗai, ranar Asabar ta kawo mu gani. Wadda ta kawo a ba ta kayan fara sana'a, wadda ba ta kawo ba ta ba wata wuri. Madam ta rubuta ta buga hatimi, ni kuwa ina ta jin kaina wai ni ce mai tsari.

A cikin yaran babu wadda na sa wa rai kamar Halimatu Sadiya. Shekararta goma sha biyar, iyayenta sun rasu, tana hannun kakarta. A tashar manyan motoci na fara ganinta da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, wani ƙato ya riƙe mata gefen hijabi yana dariya, ita kuma tana murmushin dole don kada ciniki ya ɓaci. Tun ranar na ce yarinyar nan ba za ta koma tashar ba. Ga ta da hanci, Allah ya ba ta. Ko sukari ya fara ƙonewa a ƙarshen ɗaki, ita za ta fara ɗaga kai.

Asabar ta zo. Yara tara suka jera kwalabensu a kan tebur, wasu ma har da ɗaura musu zare. Sadiya ta shigo a ƙarshe da roba a hannu, ta ajiye a gabana. Na ɗaga zanen da ta rufe robar da shi, babu komai a ciki.

"Sadiya, ina kayan?"

"Babu, Anti."

"Ya ƙone ne?"

"A'a."

"An sace?"

"A'a."

"Kin sayar?"

Ta girgiza kai, idonta a ƙasa. To bai ƙone ba, ba a sace ba, ba a sayar ba, aljanu ne suka turara? Na tambaye ta da lallashi, na tambaye ta da faɗa, yarinya ta kafe. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na gaya mata maganar da bai kamata ba, na ce ashe farantin ne ya fi dacewa da ita. Ta ɗauki robarta ta fita.

Madam Kaneng ta matso da takardarta. "Malama Ummul-Khair, gida biyu ne kawai na cikewa a takardar nan. Ta kawo, ba ta kawo ba. Ƙarfe huɗu zan tura sunaye. Ni ma ina son yarinyar, amma me zan rubuta?"

Na roƙe ta ta dakata mini. Bayan azahar na tari Keke Napep na nufi layin su Sadiya, ina ta shirya faɗan da zan yi wa duk wanda na tarar.

Tun da na sauka a bakin layin na rage sauri. Ƙamshi ne ya tare ni, kuma na san shi, don haɗina ne. Na wuce gidan farko, yana fitowa ta zaure. Gida na biyu ma haka. Wata mata ta wuce ni da goyo, zanenta yana tashin ƙamshin nan. Na tsaya tsakiyar layi kamar wadda ta manta inda za ta, ina juya kai hagu da dama. Idan yarinyar ba ta sayar ba, yaya aka yi duk unguwa ke turara kayanta?

Na yi sallama a gidansu. Kaka Joda tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, kusa da ita an wanke farantin talla an jingine shi a bango yana shan rana.

"Lale da Malama! Ke ce mai koya mata? Allah ya yi miki albarka. Kin ji layinmu kuwa?"

"Na ji, Kaka. Abin da ya kawo ni ke nan. Ina turaren da Sadiya ta haɗa?"

"Na rabar."

"Kin rabar?"

"Tas. Gidan liman ɗaya, mai jego ɗaya, matar da mijinta ya rasu ɗaya, haka har suka ƙare." Ta dube ni da mamaki, kamar ni ce na zo da sabon abu. "Ba na farinta ba ne? Mu a Danchuwa ko wake ne ya fara nuna, ba a kai shi kasuwa. Sai maƙwabta sun ci sun sa albarka. Hannun yarinya ya fara aiki, sai in bari a kai wa baƙi su fara gani? Haba Malama."

"Kaka, jarrabawa ce fa. Ba ta gaya miki ba?"

"Ta ce za a duba. Na ce to, ga shi unguwa duk ta duba." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Ɗazu kuma ta dawo tana kuka wai kun kore ta. Ni na rasa gane muku. Abu ya yi kyau a kori mutum? Na ce to share hawayenki, gobe ki ɗauki farantinki."

Wa zan yi wa faɗan? Tsohuwar da ta nema wa jikarta albarka, ko yarinyar da ta gwammace a kore ta da ta ce kakarta ce ta jawo? Can sai wani abu ya faɗo mini. Shekara ashirin da suka wuce, uwar mijina Ya Fanne, wadda ta koya mini wannan sana'a, haka ta kwashe haɗina na farko ta rabar, ina kallo ina cizon yatsa. Ni da aka yi wa haka, ni ce na zauna na tsara doka ban tuna ba.

Na kira Madam a waya na ce ta zo. Ta iso ƙarfe uku da rabi, takarda a hannu, tana share gumi.

"Ina kayan?"

"Madam, ja numfashi."

Ta dube ni kamar na zautu, amma ta ja. Na kama hannunta muka bi gida-gida, matan suna fito mana da kwalabe, wata saura rabi, wata an kusa cinyewa. Mai jegon ta riƙe tata gam, wai kada mu ce za mu karɓe. Matar liman kuwa cewa ta yi a gaya wa Sadiya tana son guda uku kafin bikin ƙanwarta, kuma wannan karon saye za ta yi.

Muka dawo tsakar gida. Sadiya ta fito daga ɗaki idonta jawur, ta durƙusa ta gaishe mu. Madam ta daɗe tana kallon gidajen nan biyu na takardarta, biro a baki.

"Ba ta kawo ba," in ji ta a hankali. "Amma kuma na gani. Kai, wannan aiki!" Ta ja dogon layi a ƙasa ta yi rubutu mai yawa, sannan ta ɗago. "Litinin ki zo ki karɓi kayanki. Idan ofis sun yi magana, Malama ce za ta amsa."

Na ce na yarda. Na juya wajen Sadiya ina neman kalmar da zan janye abin da na faɗa mata da safe, sai na ga ta miƙe ta nufi bango ta ɗauki farantin.

"Sadiya, ina za ki da shi?"

"Anti, guntun itace ya rage mini," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Zan shanya a kai, na matar liman."