Shatin Ƙaho a Bayan Sauda

Mu'minatu, ke kinka tona asirin gawa, kuma ƙarya kinka ɗora bisa. An ba ki Sauda ki wanke, kinka fito kina raɗa wa mata wai bayanta duk tabon duka ne, wai Madina matar ɗanta ta gama da ita da muciya. Kafin addu'ar uku ɗan nata Gazali ya kora yarinyar gidansu Kebbe.

Katanga ɗaya ta raba ni da Sauda, ni na san abin da anka yi. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, Gazali na Kudu wajen nema, Madina ke ɗaga ta, ita ke wanke ta. Ita ta riƙa kai ta asibiti nan Tambuwal wajen masu gashin ƙashi, ni ina rakiya. Wata ma'aikaciya, Kamila, kan miƙe mata ƙafa ta lanƙwasa, sannan ta kafa mata ƙaho a baya. Ba irin na wanzamai ba. 'Yan kofunan roba ne, a zuƙe iska, ba aska ba jini. In an cire sai shati baƙi, zagayayye kamar bakin ludayi.

"Wanga wane irin ragon ƙaho ne, ɗiyata, ba tsaga?" in ji Sauda.

"Inna, ke dai taka mini ƙafar nan."

"Taka mi? Ni da ko kaza ba ni iya kora!"

Amma ta taka. Wata safiya na ji guɗar Madina, na ruga ko kallabi babu. Sai ga Sauda tsaye tsakar gida, tana korar akuyata daga geron da anka shanya.

"Maryama, ɗaure tsinanniyar akuyarki," ta ce mini. "Na tashi!"

Ran nan tsaye ta yi la'asar. Ta ci damina da ƙafafunta, ba ta fasa zuwa gashi ba. Zazzaɓin kaka ya ɗauke ta, shatin ƙahon ƙarshe bai ɓace ba, kanta bisa cinyar Madina, tana sa mata albarka.

Ni ban iya karatu ba, amma ina da baya, kuma ya daɗe yana ciwo. Na tafi wajen Kamila na ce ta kafa mini irin na Sauda. Ranar addu'ar bakwai, mata cike da gida, na miƙe na yaye rigata na juya musu.

"Ni wa ya doka? Atu, ke kinka zuba ruwa wajen wankan. Su ne ko ba su ba?"

Tsohuwa Atu ta matso ta shafa. "Su ne, wallahi. Sak."

Na sa anka kira Gazali daga zaure. Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, don Allah ki rufa."

"Bisa bayan nan na goya ka, ja'iri. Dube shi!"

Ya duba. Sai tashin babur munka ji, ya nufi Kebbe.

Madina ta dawo. Tana zaune ƙofar ɗakin Sauda, har yau ba ta iya haɗa ido da mutane. Ke ko, Mu'minatu, kin sulale ta ƙofar baya ranar addu'ar, kin bar takalmanki. Suna ɗakina. Zo ki karɓa, amma sai kin tsaya gaban yarinyar nan da matan da kinka raɗa wa, kin faɗi da bakinki wa ya doki Sauda.