Minti Arba'in da Bakwai

Nouhou ya ɗora kaset ɗin a kan gilashin shagon, tsakanin wayoyin da ake gyara, daidai lokacin da jirgin metiro ya wuce ta saman unguwar Barbès ya girgiza komai.

"Yaya Mika'il, juye mini wannan cikin salula. Yanzu nake so. Jirgin ƙasan Lyon ƙarfe ɗaya ne."

"Ba ko gaisuwa? Ita ma Faransa ta cinye?"

Nouhou ya gaishe shi a gurguje. Mika'il ɗan unguwarsu ne a Damagaram, ya girme shi da shekara goma, kuma shi kaɗai ya sani a Paris da ke da injin kaset mai rai.

Shekara talatin da ɗaya kaset ɗin nan yana hannun Nouhou. Acier Tendre sunan makaɗan, samari biyar 'yan Lyon, masu kiɗan rock mai ƙarfi irin wanda jita ke kuka kamar zarto amma waƙar tana da zaƙin da baki zai bi. Faifai ɗaya suka yi, ba a buga da yawa ba, suka watse. Nouhou yana ɗan lakwal, makarantar boko, ya fara jin muryar Tahar, mawaƙinsu, siririya mai hawa sama kamar shirwa, tun daga ranar bai sake ta ba. A kasuwar Rungis, inda yake ɗaukar akwatunan kifi, ba wanda ke neman ra'ayinsa a kan komai. Amma a dandalin intanet na masu son irin wannan kiɗa, in sabon faifai ya fito ko aka sake buga tsoho, sai a ce a jira a ji ta bakin mutumin Zinder, sunan da suka san shi da shi ke nan, don haka Turawa ke kiran Damagaram.

Watan jiya aka sake buga faifan Acier Tendre. Nouhou ya saurara sau ɗaya, ransa ya ɓaci. Kiɗan ya yi nauyi, muryar ta sauko ƙasa. Ya rubuta cewa an rage wa faifan sauri, an tsufar da Tahar a cikin kabarinsa, kuma duk wanda ya yi aikin bai taɓa ƙaunar mutumin ba. Sama da mutum ɗari biyu suka ce su ma haka suka ji. Wasu suka mayar da nasu shago. Wani tsoho mai faifan asali ya ce shi bai ji bambanci ba, aka ce masa kunnensa ya mutu.

Sai amsa ta zo, gajera: "Ni na yi aikin. Sunana Widad, 'yarsa ce ni. Asabar ƙarfe huɗu za mu saurari faifan a shagon da ya buga shi. Zo da hujjarka."

Yau ce Asabar ɗin.

Mika'il ya sa tabarau, ya juya kaset ɗin, ya ƙura wa takardar jikinsa ido. Sai ya fashe da dariya har ya dafa kanta.

"Kai, Nouhou! Ai rubutuna ne wannan!"

"Na sani. A rumfarka na saya, kasuwar Dole."

"Faifan wani mushe ne, malamin lakwal, Bafaranshe mai koyar da lissafi, ya ara mini kwana biyu. Na tuna shi sarai don wahalar da ya ba ni. Minti arba'in da bakwai ne, gefen kaset kuma arba'in da biyar. Waƙar ƙarshe sai ta guntule."

"Ba ta guntule ba. Cikakkiya ce."

"To don me? Injin faifaina yana da wani ɗan maɓalli na sauri. Na tura shi har ƙarshe, komai ya shige. Haka muke yi duk layin, kowa ya sani. Wa zai ɓata gefen kaset biyu kan kiɗan Nasara?"

Nouhou ya tsaya yana kallonsa. Wata mata ta shigo neman caja, Mika'il ya sallame ta, ya dawo har yanzu yana murmushi. Da Nouhou ya ba shi labarin dandalin da na Widad, murmushin ya ragu, amma bai tafi duka ba.

"To sai me? Kada ka je. Ka ce mura ta kama ka. Ko ka je ka kunna musu, su ji da sauri, su tafa maka. Ni dai ba na shiga dandalinku, bakina alaikum."

"Na ce ba ta ƙaunar ubanta, Yaya."

"Kai ma da baki kamar reza. Tun kana yaro haka kake, a kan ƙwallo ma sai ka yi wa mutum hukuncin lahira." Ya miƙa masa kaset ɗin. "In juye ko in bari?"

"Bar shi."

A cikin jirgi Nouhou ya zauna gefen taga, kaset a aljihun riga. Gonaki suna wucewa, shanu farare tsaye a ciyawa. Ya yi ta juya maganar. Ƙarya dai bai yi ba: abin da kunnensa ya ji shi ya faɗa. Amma mutum ɗari biyun nan fa, me suka ji, su da ba su taɓa ganin kaset ɗin Damagaram ba? Shi suka ji. Ya buɗe dandalin a salula. Wani ya rubuta: "Yau mutumin Zinder zai koya musu aiki." Ya kife wayar a cinyarsa. In ya sauka a Lyon ya hau jirgin komawa, sunansa yana nan yadda yake. Abin da ya fi ci masa rai ma ba sunan ba ne. Muryar da ta raka shi daga Damagaram zuwa Agadas, zuwa ɗakin mutum shida a Sevran ta bayan Paris, ashe ba a taɓa yin mai ita ba. Yatsan Mika'il ne.

Shagon faifan yana kan wani titi mai hawa a Lyon, ƙarami, yana warin tsohon kwali. Mutum kusan talatin ne a ciki, yawancinsu masu furfura da baƙaƙen riguna. Da ya faɗi sunansa sai aka buɗa masa hanya, wani mai dogon gashi ya dafa kafaɗarsa. Widad tana tsaye kusa da injin, mace mai kimanin shekara arba'in, ta naɗe hannuwa a ƙirji. Idanunta irin na Tahar ne, yadda suke a hoton jikin faifan.

"Ka zo da hujjar?" ta tambaye shi da Faransanci.

"Na zo da kaset. Hujja kuwa taki ce, madam."

Ya juya ya fuskanci mutanen. Ya ba su labarin rumfar kasuwar Dole, da mushe mai lissafi, da minti biyun da suka ƙi shiga. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. Wani ya yi dariya a baya. Mai dogon gashin ya ce, "Amma ni ma na ji an rage saurin!"

"A ina ka ji na farkon?" in ji Nouhou.

Mutumin ya ja da baya cikin jama'a.

Nouhou ya koma ga Widad. "Abin da na rubuta a kanki, a gaban mutane na rubuta shi. Shi ya sa na zo in janye shi a gabansu. Zan rubuta a dandalin ma."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta miƙo hannu kawai, ya ba ta kaset ɗin, ta sa a injin. Ganguna suka shigo a guje, jita ta biyo, sannan muryar nan siririya ta hau sama. Widad ta saurara har amshi ya zagayo, kanta a sunkuye.

"Kullum yana cewa da ma muryarsa ta kai can," ta ce a hankali. Ta kashe injin, ta mayar masa da abinsa. "Yanzu zauna ka ji babana."

Ya zauna a kan wani akwatin faifai. Ta ɗora allura a kan sabon faifan. Kiɗan ya taso da nauyinsa, ba gaggawa, muryar namiji sosai, har ana jin inda yake jan numfashi kafin amshi. Nouhou bai taɓa sanin akwai numfashi a wurin ba.

Can ya lura ƙafarsa tana buga ƙasa, tana riga gangar sauka, kamar yadda ta saba shekara talatin da ɗaya. Ya ɗora tafin hannu a gwiwa ya danne ta, ya jira mai gangar ya iso.