Ƙarar da Zuliha Ta Kashe

Shekarar da damina ta yi wa Damagaram rowa, ƙaramin gidan rediyon da Zuliha take aiki a bayan Birni ya koma gidan cigiya. Maza sun watse neman abin kai wa baki, mata suna ta zuwa a roƙa musu su dawo. Zuliha ce mai naɗar muryoyinsu a wata tsohuwar kwamfutar hannu, in la'asar ta yi a saka wa duniya ta ji.

Kwamfutar nan kuwa Allah ya yi ta da mita. A soka mata abu ta ce ting, a zare ta ce ting, a ƙyale ta ma sai ta nemo dalili. Zuliha ta daɗe da daina karanta abin da take rubutowa. Da ɗan akwatin saƙon ya leƙo sai ta rufe shi, kamar mai korar ƙuda.

Rannan da hantsi wata tsohuwa mai suna Barira ta shigo, ƙafa duk ƙura. Daga wani ƙauye take a bayan Tirmini, motar kasuwa ta kawo ta, kuma da azahar motar za ta juya. Mijinta yana kwance, ko kunu ya daina karɓa, ba ya kiran kowa sai babban ɗansu. Shi ɗan ya bar gida tun da rumbu ya yi fayau. An ce an gan shi yana ga-ruwa a cikin gari, kunyar komawa hannu rabbana ce ta riƙe shi.

Zuliha ta gyara mata mikro, ta tambayi sunan yaron. Sai tsohuwa ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Ashe ɗan fari ne. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa hawa harshenta ba, wancan take ce masa, ko kuwa babban.

"Inna," in ji Zuliha, "masu ga-ruwa a garin nan sun fi a ƙirga, kuma bana kowa da majinyaci a gida. In babu suna, wa zai san da shi ake?"

Can Barira ta ja numfashi, ta matso, ta ce tana gaida mutanen gari, ta ce maigidanta ba lafiya, ta buɗe baki za ta faɗa.

Ting.

Tsohuwa ta zabura ta ja da baya. Zuliha ta rufe akwatin ko kallonsa ba ta yi ba, ta lallashe ta, aka sake daga farko. Da ƙyar da siɗin goshi suka kai wurin sunan, abin ya ƙara cewa ting.

"Kin ji ko, 'yata? Ko ƙarfen ma ya san abin kunya ne."

Ta miƙe za ta tafi. Nan fa ran Zuliha ya ɓaci. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, ɗakin ba iska, gumi yana bin bayanta, ga rana tana hawa, ga mutum can yana jan rai, wai kuma wannan shegen ƙarfe ne zai hana a kira masa ɗansa. Ta riƙe hannun tsohuwar ta zaunar da ita. Ta shiga wurin da ake saita sauti, ta bi ƙararrakin gargaɗin nan kaf ta kashe su, babu wanda ta bari. Ta rantse wa Barira cewa ordinatar, wato kwamfutar, ta yi shiru ke nan, ko tari ba za ta sake yi ba.

Barira ta dubi na'urar, ta dubi Zuliha. Ta ce za ta faɗa, amma ba a gaban mutum ba.

Zuliha ta ga wannan ai mai sauƙi ne. Ta danna naɗa, ta fita, ta ja ƙofa, ta je can bakin zaure inda ko raɗa ba za ta jiyo ba. Ta tsaya tana kallon mata da jarkoki a layin famfon da bai kawo ruwa ba. Shiru, shiru. Har ladan ya fara gyaran murya ƙofar ba ta motsa ba.

Da Barira ta fito, idonta jawur, amma kafaɗarta ta sauka kamar wadda aka sauke wa kaya.

"Na faɗa. Sau ɗaya. Kada ki ƙara tambayata."

Zuliha ta tsayar mata da ɗan kabu-kabu ya kai ta tasha, ta dawo da murna. Tana shiga ta tarar da fuskar kwamfutar baƙi ƙirin. Ta danna, ta sake dannawa, ta jijjiga. Sai a sannan abin ya faɗo mata. Yau kam ba mita ba ce, batir ne yake kukan zai mutu, ita kuwa ta toshe masa baki.

Ta roƙi Idirisu mai gadi ya ta da injin wuta ko da lokaci bai yi ba. Na'urar ta farfaɗo, Zuliha ta laluba ko'ina, babu komai. Ko gaisuwar tsohuwar ba ta tsira ba. Ta fita a guje, mayafi a hannu, ta isa tasha tana haki, aka ce mata motar Tirmini ta daɗe da ɗagawa. Ƙauyen kuma ba waya, ba wanda za a aika ya je ya dawo kafin rai ya yi halinsa.

Da la'asar aka buɗe tashar rediyon. Muryoyin sauran matan suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kira nata. Da aka zo gurbin Barira, Zuliha ta jawo mikro gabanta, tsoro da baƙin ciki sun cika ta.

"Kai mai ga-ruwa, ɗan farin Inna Barira ta bayan Tirmini, babanka yana kwance yana nemanka. Ban san sunanka ba. Amma yau a ɗakin nan uwarka ta kira shi da bakinta, ba wanda ya ji. In kana son ka ji, ajiye jarkokin nan ka tafi gida."