Jirgin Gwangwala na Namadi

Namadi mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Tambuwal. Kafin ya kafa rumfarsa ya yi shekaru a Kaduna yana kula wa wani Bature mai haƙa rijiyoyi da injinansa. Baturen nan yana da wani wasa da yake yi ran Lahadi. Ƙaramin jirgin sama gare shi, wanda fiffikensa bai fi buɗin hannuwan mutum ba. Yakan tashe shi a fili, ya tsaya a ƙasa da wani akwati mai doguwar eriya, yana juya shi a sama ba zare ba igiya. Namadi ne ke riƙe jirgin a tayar da inji, shi ke jefa shi, shi kuma ke tsinto shi cikin ciyawa. Amma bai taɓa danna maɓallin akwatin nan ba.

Shekarar da aka samu mulkin kai aikin ya ƙare. Jirgin ya riga ya karye, sai Baturen ya bar wa Namadi kayan cikinsa: injin da bai kai ƙwan kaza ba, da 'yar rediyon da ke zama cikin jirgin, da akwatin ƙasa, da gwangwani guda na wani ruwa mai saurin bin iska, irin wanda ake sa wa majiyyata barci da shi a asibiti. Sai an haɗa ruwan nan da kananzir da man zurma injin yake tashi. Namadi ya dawo gida da kayan cikin adakarsa, ya auri Atu, wata 'yar Kebbe, ya shiga gyaran rediyo. Da la'asar kuwa, in ya rufe rumfa, sai ya zauna a zaure yana fiƙe gwangwala.

Jirgin farko ya yi nauyi, da ya jefa shi ba inji sai ya kife a kan hancinsa. Na biyu gara ta shiga masa da damina. A na uku ne ya gane cewa ƙashin jirgin sai gwangwala, haƙarƙarin fiffike kuma sai itacen rimi da aka yanka sirara kamar ganye. Ya rufe shi da wani tsohon jan ɗankwalin siliki na Atu, ya shafe da fenti mai ruwa-ruwa har ya ɗame kamar fatar kalangu. Mutanen unguwa sukan leƙo su yi dariya, wasu su ce Kaduna ta taɓa masa kai. Bai kula su ba. Abin da ke damunsa gwangwanin nan ne. Duk yadda ya like bakinsa da kakin zuma, in ya girgiza shi sai ya ji ya ƙara raguwa, kuma babu inda zai samo wani.

Cikin wannan hali idonsa ya fara ba shi matsala. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Abin da ke gabansa sak yana ganinsa tar, har ya iya like wayar da ba ta kai gashin wutsiyar doki kauri ba. Gefe da gefe ne ke rufewa a hankali, kamar mai leƙe ta cikin kara. Ya fara karo da dokin ƙofa. Sai mutum ya tsaya dab da kafaɗarsa bai sani ba sai ya yi magana. Wata rana Atu ta ajiye masa ƙwaryar fura a gefen tabarma, ya miƙe ya taka ta.

Ita ta matsa masa ya je wurin malamin asibitin garin. Malamin ya duba, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya tafi Sakkwato kada ya yi jinkiri, domin irin wannan abin da ya ci ba ya mayarwa. Namadi ya ce to. Da ya dawo gida ya gaya wa Atu cewa zai je bayan kaka. Ɗan gyaran fiffike ne kawai ya rage, kuma in aka kwantar da shi a asibiti ruwan gwangwanin zai ƙare a banza. Ta yi magana, ta yi kuka, ta aika wa yayanta Jumare a Kebbe. Jumare ya zo da kansa, mutum ne mai shanu da gona, ba mai yawan magana ba. Ya daɗe yana kallon jirgin a rataye a zaure, sannan ya ce in dai sai an tashe shi za a je Sakkwato, to a zo a tashe shi a fadamar bayan gidansa a gama.

Sai da aka yanke gero suka tafi. An naɗe fiffiken cikin tabarma, aka ɗaure a bayan mota mai zuwa cin kasuwar Kebbe, Namadi ya rungume gangar jirgin a cinyarsa, ramukan hanya na jijjiga su. Atu ma ta biyo su don ta ga danginta.

Washegari da hantsi suka fita fadama. Ciyawa ta fara bushewa, shanun Jumare suna can nesa wajen ruwa. Mutane suka taru, manoma da masu kiwo, mata kuma suna hange ta kan dangar gida. Namadi ya yi wa Jumare bayani: in aka danna maɓalli sau ɗaya jirgin zai karkata dama, sau biyu hagu, in aka sake shi ya miƙe. Ya ce wa Jumare ya riƙe jirgin sama da kansa, ya yi gudu kaɗan, ya tura shi cikin iska.

Ya haɗa man, ya zuba. Ya yi ta bugun farfela da yatsa har yatsan ya fashe, sannan injin ya yi tari, ya kama, ya ɗauki wata ƙara mai tsini kamar ta sauro da ya shiga kunne. Mutane suka ja da baya. Jumare ya ruga, ya saki.

Jirgin ya yi ƙasa kamar zai ci ciyawa, sai ya ɗaga hanci ya hau. Namadi yana ganinsa sarai, jan silikin yana ɗaukar rana. Ya danna sau ɗaya, jirgin ya karkata dama a hankali, ya zagayo bisa kawunansu. Ya danna sau biyu, ya bi hagu. Bakinsa a buɗe, yana dariya ba sauti. Bai taɓa jin abu ya bi umarninsa haka ba.

Sai wani ya taɓa masa kafaɗa don murna. Namadi ya ɗan waiga. Da ya mayar da kansa sama, babu komai sai shuɗin sarari.

Ya juya kai dama, ya juya hagu. Ƙarar tana nan, yana jin ta, amma ɗan ramin da yake gani ta cikinsa ya kasa kamo jirgin.

"Yaya, ina shi ke?"

"Ga shi can bisa tsamiya," in ji Jumare. "Ba ka ganin shi?"

"Wace tsamiya? Ina ya nufa?"

"Shina tafiya yamma. Maido shi."

Namadi ya danna. Jumare ya ce ya yi yawa, ya juyo yana zuwa. Namadi ya sake dannawa, Jumare ya ce hagu, wani ya ce dama, domin jirgin da ke fuskantarka hagunsa damarka ce, kuma ba wanda ya san haka a wurin sai mutumin da ba ya gani. Murya ta yi yawa. Jumare ya kama kan Namadi da hannu biyu yana juya masa fuska wajen jirgin, yana cewa duba nan, duba nan. Sau ɗaya wani jan abu ya gifta masa ya wuce. Daga nan ƙarar ta fara yin nisa.

Ya ci gaba da danna maɓallin bayan kowa ya yi shiru. Jumare ya sa hannu ya kare rana, ya ce jirgin ya zama kamar shirwa, can ya ce kamar ƙuda, can ya ce ya shige bayan itatuwa ta wajen garin Fakku. Namadi ya sauke akwatin ƙasa, ya zauna kusa da shi. Mutane suka watse da kaɗan-kaɗan, wasu suna yi masa sannu kamar an yi rasuwa.

Suka yi kwanaki suna nema. Jumare ya bi dajin da ƙafa, ya tambayi makiyaya a rugage. Wani ya ce ya ji ƙara, wani ya ce ya ga tsuntsun da bai san irinsa ba. Ba a samu ko tsinke ba.

A Sakkwato likita ya haska idon da fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi Namadi tun yaushe abin ya fara, ya saurari amsarsa. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma za a ba shi maganin ɗigawa ko a ɗan ja lokaci. A hanyar dawowa Atu ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Shi ne ya ce mata, motar na tafiya, "Da ban waiga ba, da na sauke shi." Ta juya fuska wajen taga.

Kafin damina ta zagayo ya fara ƙona yatsunsa da ƙarfen like. Ya lalata rediyon wani mahauci, bayan nan ta wani malamin makaranta. Masu kawo gyara suka koma wurin wani da ya buɗe rumfa a garin Dogon Daji. Jumare ya zo da jakuna ya kwashe su zuwa Kebbe, ya ba su ɗaki a gidansa. Aka koya wa Namadi tufkar igiyar rama, wadda ake ɗaure maruƙa da ita, aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba. Kullum yana bakin zaure, rama a gefe, yana murzawa a cinya. Ya rage magana. In aka ambaci jirgin sai ya tashi ya lalubi bango ya shige ciki.

Wata ranar kasuwa wani mutum mai suna Bube ya zo daga ƙauye da rediyo a naɗe cikin rawani. Ya ce an gaya masa akwai gwanin rediyo a gidan nan, tun da safe yake tambaya. Namadi ya karɓa, ya kunna, ya kara a kunne. Ya buɗe bayanta da farce, ya bi wayoyin da yatsa, ya ji inda ɗaya ta saki daga mazauninta. Ɗigon dalma guda take bukata. Ya riƙe bakin wayar tsakanin yatsunsa, ya daɗe a haka.

"Za ta gyaru, Malam?" in ji Bube.

"Za ta gyaru," Namadi ya ce. "Amma ba nan ba. Kai ta Dogon Daji."

Ya rufe bayan rediyon, ya miƙa ta inda yake zaton mutumin yake. Bube ya matso ya karɓa, ya yi godiya, ya naɗe ta ya tafi. Namadi ya shafa ƙasa har ya samo bakin igiyarsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ci gaba da murzawa.